Ma'aikacin wa ne Serge Venel?

A watan Yulin 2009 wani Bafaranshe mai suna Serge Venel ya rasu a ƙasarsu yana da shekara 59. Sankarar huhu ce ta yi ajalinsa. Watanni kaɗan kafin rasuwar, likitan huhun da ke duba shi ya tabbatar cewa ƙurar yuraniyom da ya shaƙa ce ta jawo masa ciwon. Ƙurar kuwa a Akokan ya shaƙe ta, gefen garin Arlit, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, inda ya yi wa kamfanin Cominak aiki daga 1978 zuwa 1985. Shekara 24 ke nan tsakanin barinsa Nijar da ranar da abin da ya kwaso a ƙirjinsa ya kai shi ƙasa.

Iyalinsa suka shigar da ƙara. Maganar ta bi kotu uku, ba ta ƙare ba sai 2015. Hukumar inshorar lafiya ta Faransa ta riga ta amince cewa ciwon na wurin aiki ne, don haka abin da ya riƙe alƙalai tsawon shekarun nan tambaya ce guda: mutumin nan ma'aikacin wa ne? Na babban kamfanin nukiliya da ke Paris, ko na kamfanin da aka yi wa rajista a Yamai, wanda sunansa ke saman takardarsa ta ɗaukar aiki? Amsar da aka tsaya a kanta ta shafi duk ɗan Nijar da ya taɓa sauka ramin Cominak na Akuta, ya sani ko bai sani ba.

Sai mun koma baya kaɗan. A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suna neman tagulla a Azelik, yamma da Agadas, suka ci karo da alamun yuraniyom. Faransa a lokacin tana kan haɗa makaminta na nukiliya, daga baya kuma ta ɗora lantarkinta a kan wannan ƙarfe, saboda haka hukumarta ta nukiliya, CEA, ta baza mutane cikin hamadar da ke yammacin duwatsun Abzin. A 1968 aka kafa kamfanin Somaïr, ya fara fitar da kaya a 1971, kuma dominsa aka gina Arlit a filin da a da makiyaya kawai ke ratsawa. A 1974, shekarar da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, aka kafa Cominak. Shi nasa aikin a ƙarƙashin ƙasa ne, rami mai zurfin kusan mita 250, kuma ya fara aiki a 1978, shekarar da Venel ya iso. An raba hannun jarin kamfanin gida huɗu: kashi 34 na Faransa, 31 na Nijar, 25 na wani kamfanin Japan, 10 na Sifen. A doka dai Cominak kamfanin Nijar ne, hedkwatarsa a Yamai. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa komai zai juya.

An shata garin ne bisa muƙami. Unguwar manyan ma'aikata, waɗanda a shekarun nan akasarinsu Turawa ne, tana da gidaje masu na'urar sanyi, da ruwan famfo, da shuke-shuke kore shar a tsakiyar rairayi, da wurin ninƙaya, da makarantar da ke bin tsarin karatun Faransa, da kantin da ake cika shi da kayan can gida. Daga nan sai unguwar masu matsakaicin muƙami, sai ta leburori. Can bayan katanga kuma Bukkoki, inda ake samun waɗanda suka taso daga Damagaram da Maradi da Tawa neman aiki, da Buzayen da farin 1973 da 1974 ya ƙarar musu da dabbobi. Har laƙabi aka yi wa Arlit, ana ce masa ƙaramin Paris.

Baturen da ke kwana a irin wancan gida ba shi da dalilin da zai sa ya zauna yana nazarin sunan da ke saman takardarsa. Shugabanninsa a wurin aiki 'yan ƙasarsu ne. Da Faransanci ake ba da umarni. Kayan da ake haƙowa ana loda su a manyan motoci zuwa Binin, daga tashar ruwan Kotonu jirgi ya wuce da su Faransa. Duk abin da idonsa ke gani yana gaya masa cewa Faransa yake yi wa aiki, takardar ce kaɗai ta faɗi wani abu dabam.

A tsarin Faransa, ma'aikacin da ya fita ƙasar waje iri biyu ne. Akwai wanda kamfaninsa ya ba da aronsa na ɗan wa'adi: sunansa na nan a littafin kamfanin gida, ana ci gaba da zuba masa kuɗin inshora da na fansho a gida, kuma wa'adin ba ya wuce 'yan shekaru. Akwai kuma wanda ya fita daga inuwar gida, ya sa hannu da kamfanin ƙasar da ya je, ya zama ma'aikacinsu a idon doka. Idan yana son kariyar gida, sai an shigar da shi wani asusu na musamman na Faransawa mazauna waje. Mutum biyun nan za su iya zama maƙwabta, albashinsu ɗaya, jirgi ɗaya ke kai su hutu. Ba za ka gane bambancinsu ba sai ranar da aka sallami ɗaya, ko ciwo ya kwantar da shi, aka fara tambayar wa zai biya. Venel da Cominak ya sa hannu.

Aikin kansa ga yadda yake. Ana fasa dutse da nakiya, a kwaso shi a kai masana'anta, a niƙe, a jiƙa da asid, a tace, har a fitar da wani gari rawaya kamar garin ɗorawa a ɗura a ganguna. Kowane mataki yana tayar da ƙura. A cikin rami kuma akwai iskar radon da ke fitowa daga dutsen, ba ta da wari, ba ta da launi, mutum na shaƙarta yana hira da abokin aikinsa. Ba sabon ilimi ba ne cewa tana kawo sankarar huhu. An gan shi tun da daɗewa a jikin masu haƙar ma'adinai na kan iyakar Jamus da ƙasar Cek, an kuma gan shi a jikin 'yan ƙabilar Nabaho da suka haƙa wa Amurka yuraniyom, har majalisar Amurka ta yi dokar biyansu diyya a 1990. Mugun halin ciwon shi ne jinkiri: yakan yi shekara goma, ashirin, har talatin kafin ya bayyana. Shi ya sa jadawalin cututtukan aiki na Faransa ya ba da tazarar shekara 30 ga irin wannan sankara. Shekara 24 na Venel sun faɗa cikin tazarar.

Tsofaffin ma'aikata da yawa, baƙaƙe da farare, sun shaida wa masu bincike cewa a shekarun farko ba a yi musu bayanin haɗarin ba. Sun ce mutum yakan koma gida da kayan aikinsa a jiki, ƙura ta yi musu futu-futu, matarsa ta wanke su a tsakar gida inda yara ke wasa. Babban kamfanin da ke Paris kuwa ya tsaya a kan cewa yana bin ƙa'idojin duniya na kariya, yana auna abin da jikin ma'aikata ke ɗauka, kuma asibitocinsa biyu na Arlit da Akokan suna duba ma'aikata da iyalansu kyauta. Asibitocin nan sun taimaki mutane, babu mai musun haka. Amma likitan da kamfani ke biyansa albashi shi ne kuma zai rubuta ko ciwon ma'aikaci daga aikin kamfanin ya fito, kuma an shafe shekaru gommai ba a ji an rubuta hakan ba.

Wanda ya fara ɗaga murya daga cikin gida shi ne Almoustapha Alhacen, ma'aikacin Somaïr, wanda ya ga abokan aikinsa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya da cututtukan da ba a faɗa wa iyalansu sunansu ba. A farkon shekarun 2000 ya kafa ƙungiyar Aghir In'Man a Arlit, yana kuma ci gaba da zuwa aiki a kamfanin da yake tuhuma, wanda ba ƙaramar jarumta ba ce a garin da ruwa da wuta da gida duk na kamfani ne. Shi ya gayyato masanan CRIIRAD, wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa, a watan Disambar 2003. Da suka sauka filin jirgin Yamai aka riƙe manyan na'urorinsu. Da 'yar ƙaramar na'urar da ta rage a hannunsu suka zaga kasuwar Arlit, suka tarar da tarkacen ƙarafan da suka fito daga masana'anta suna fitar da tururin nukiliya, ga su nan a shimfiɗe ana ciniki. Irin waɗannan ƙarafa ne maƙera ke saye su ƙera ƙofofi da kayan girki, magina kuma su yi rufi da su. Amina Weira, 'yar wani tsohon ma'aikacin ma'adinin, ta nuna wannan rayuwa a fim ɗinta na 2016 mai suna La Colère dans le vent.

Kafin nan zamanin Turawa da yawa a Arlit ya riga ya wuce. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a 1979, farashin yuraniyom ya fara zamewa, na Chernobyl a 1986 ya ƙara dulmuya shi. Kamfanonin biyu suka shiga rage ma'aikata, kuma Bature ɗaya, da gidansa da tikitinsa da makarantar 'ya'yansa, yana cin kuɗin 'yan ƙasa da dama. A ɗaya gefen, Makarantar Ma'adinai ta Abzin, EMAIR, wadda aka buɗe a Agadas a tsakiyar shekarun 1970, ta fara yaye samarin da suka iya aikin. Sannu a hankali kujerun suka koma hannun 'yan ƙasa, har aka kai lokacin da babban kamfanin da kansa ke alfahari cewa kusan duk ma'aikatansa 'yan Nijar ne.

A irin wannan yanayi, ko'ina a duniya, baƙon ma'aikaci yakan tsinci kansa gaban zaɓi biyu: ya tattara ya koma gida, ko ya zauna bisa sharaɗin 'yan ƙasa. Wanda ya yi aure a garin, ko ya saba har ba ya jin zai iya zama wani wuri, yakan zaɓi na biyun, sai daga baya ya gane abin da ya sauka daga kansa. Gidan kamfani ya tafi, tikitin hutu ya tafi, fanshonsa ya koma asusun ƙasar da yake zaune, albashinsa ya koma kuɗin ƙasar. Wanda ake biya da sefa a watan Janairun 1994 ya san ma'anar wannan na ƙarshe: an kwana faran ɗin Faransa ɗaya yana sefa 50, aka wayi gari yana sefa 100, rabin darajar albashi da ajiya ya tafi cikin dare ɗaya. Na Venel ya fi wannan ban mamaki, domin shi bai taɓa jin ya sauka daga komai ba. Ya yi zamansa na baƙon ma'aikaci, ya koma gida. Sai bayan ransa aka buɗe takarda aka nuna wa iyalinsa cewa tun ranar farko ma'aikacin kamfanin Nijar ne.

'Yarsa Peggy ce ta ɗauki maganar a ka. Lauyansu Jean-Paul Teissonnière ne, wanda ya yi suna wajen tsaya wa ma'aikatan da ƙurar asbestos ta halaka a Faransa. Suka kai Areva gaban kotun harkokin inshorar ma'aikata ta Melun, kudu maso gabashin Paris. Areva shi ne magajin Cogema, kamfanin gwamnatin Faransa da ya riƙe hannun jarin ƙasar a ma'adinan Nijar tun 1976. An kafa Areva a 2001, daga baya a 2018 suna ya koma Orano. Abin da iyalin suka nema shi ne kotu ta tabbatar da sakaci marar uzuri, wato mai ɗaukar aiki ya san haɗarin, ko ya kamata ya sani, amma bai yi abin da ya wajaba don kare ma'aikacinsa ba. Areva ya ce shi mai hannun jari ne kawai, bai taɓa ɗaukar mutumin aiki ba, a je a tambayi Cominak.

Ranar 11 ga Mayun 2012 kotun Melun ta ba iyalin gaskiya. Ta duba yadda kamfanonin biyu ke tafiyar da aiki ɗaya don amfani ɗaya, da yadda Areva da kansa ke sa hannu a batun lafiyar ma'aikatan ma'adinan, ta ce Venel iyayen gida biyu gare shi, Areva na ɗaya daga ciki, kuma ya yi sakaci marar uzuri. Ta yanke diyyar da ta haura yuro 200,000, wato sama da sefa miliyan 130, ta kuma ninka kuɗin da ake ba matarsa. Labarin ya karaɗe jaridun Faransa, ya iso Arlit. Dalilin murnar a fili yake. Idan har uwar kamfani da ke Paris za ta amsa laifi a kan mutumin da ya sa hannu da Cominak, to dubban 'yan Nijar da ke riƙe da takarda mai suna iri ɗaya su ma sun sami ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Areva ya ɗaukaka ƙara. Ranar 24 ga Oktoban 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta rushe hukuncin. Ta ce mallakar hannun jari ba ta mayar da kamfani ubangidan ma'aikaci, kuma wanda za a iya tuhuma shi ne Cominak, kamfanin da ke ƙarƙashin dokar Nijar, wanda ke gudanar da ma'adinin, wanda kuma mamacin ya ƙulla yarjejeniyar aiki da shi. Iyalin suka garzaya kotun ƙoli. A watan Janairun 2015 ita ma ta yi watsi da ƙararsu. Shi ke nan, magana ta ƙare a Faransa.

A ganina hukuncin Melun ya fi kusa da abin da kowa a Arlit ya sani da idonsa. Amma doka takarda take bi, kuma waɗanda suka tsara takardar tun 1974 sun san abin da suke yi: kaya su tafi arewa, alhaki ya tsaya a kudu.

Kwana biyar bayan hukuncin Paris, ranar 29 ga Oktoban 2013, aka sako Faransawa huɗu na ƙarshe daga cikin mutum bakwai da 'yan Alƙa'ida suka sace a gidajensu a Arlit daren 16 ga Satumban 2010. Bakwai ɗin sun haɗa da ma'aikacin Areva da matarsa, da ma'aikata biyar na kamfanin gine-gine na Satom, cikinsu har da ɗan Togo da ɗan Madagaska. Shugaban Faransa na lokacin, François Hollande, da kansa ya je filin jirgi ya tarbi huɗun, bayan sun yi sama da shekara uku a hannun masu garkuwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru a ma'adinan bayan satar. An kwashe baƙin ma'aikata daga Arlit cikin gaggawa, kuma aiki bai tsaya ba. Injiniyoyi da masu fasaha 'yan Nijar suka ci gaba da fitar da kaya. Lokacin da aka tayar da mota mai bam a masana'antar Somaïr ranar 23 ga Mayun 2013, a safiyar da aka kai hari barikin soja na Agadas, su ne ke bakin aiki.

To su fa, wa ke tsaya musu? A watan Yunin 2009, wata ɗaya kafin rasuwar Venel, Areva ya sa hannu a wata yarjejeniya da ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, cewa za a kafa cibiyoyin bin lafiyar tsofaffin ma'aikata a Nijar da Gabon, a kuma biya waɗanda aka tabbatar aiki ne ya cutar da su. A ƙarshen 2011 aka kafa ta yankin Agadas, wadda ake kira OSRA. A watan Disambar 2012 Sherpa ta janye. Daga cikin dalilan da ta bayar akwai wannan: iyalai biyu kacal aka biya diyya, dukansu na Faransawa, ba a biya ɗan Nijar ko ɗan Gabon ko ɗaya ba.

A nan ne zuciya ke sosuwa. Venel ya faɗi a shari'a, amma dubi abin da ya samu kafin faɗuwar. Ya sami likitan da ba ya cin albashin kamfani, wanda ya tambaye shi inda ya taɓa aiki, ya kuma rubuta abin da ya gani. Hukumar inshorar ƙasarsa ta karɓi ciwon a matsayin na aiki. Iyalinsa sun sami lauya, jaridu sun buga sunansa, ga shi har muna karanta labarinsa. Abokin aikinsa da suka shaƙi ƙura ɗaya, wanda ya yi ritaya ya koma ƙauyensu a Damagaram ko Adar, idan tari ya kama shi bayan shekara ashirin, ɗakin shan magani na kusa zai je. Mai yiwuwa a ba shi maganin tarin fuka, a ƙara masa wani, jiki na ta zubewa. Ranar da ya cika a yi masa sutura, a ce kwana ya ƙare. Kwana kam na Allah ne, amma hakkin marayunsa na wuyan mutane, kuma ba wanda zai bi musu shi tunda ba a taɓa rubuta sunan ciwon ba. Nijar ba ta sami cibiyar gwamnati ta gasa sankara da tururi ba sai a 2021, a Yamai, shekara 50 cif bayan ƙasar ta fara sayar wa duniya yuraniyom.

A waccan shekara ta 2021 dai, ranar 31 ga Maris, Cominak ya rufe, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom. Rufewar ta tona cewa ko a tsakanin 'yan ƙasa takarda hawa-hawa ce. Ma'aikatan kamfanin na dindindin, kimanin 600, an ba su kuɗin sallama da wasu shekaru na kula da lafiya. Amma akwai ɗaruruwan da ke sauka rami ɗaya da su, suna aiki kafaɗa da kafaɗa, waɗanda sunan ɗan kwangila ne a takardarsu. Su aka ce su nemi hakkinsu wurin wanda ya ɗauke su, sai da aka yi ta kai ruwa rana a kan ɗan abin da za a taimaka musu da shi. Maganar da aka faɗa wa iyalin Venel a Paris ita ce aka faɗa wa leburan ɗan kwangila a Akokan: ba mu muka ɗauke ka ba. Bayan garin kuma an bar tsibin dusar ma'adini mai tururi da ta kai kimanin tan miliyan 20, wadda aka tsara rufewa da yumɓu da duwatsu.

Sauran labarin kowa ya ji shi a rediyo. Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yulin 2023. A watan Yunin 2024 gwamnati ta ƙwace lasisin ma'adinin Imouraren daga hannun Orano, a watan Disamba kamfanin ya ce Somaïr ya fita daga ikonsa, a watan Yunin 2025 kuma aka ayyana Somaïr mallakin ƙasa. A ɓangaren man fetur, a watan Maris na 2025 an kori manyan jami'ai uku 'yan China, kuma ministan man fetur na lokacin Sahabi Oumarou ya kafa hujja da tazarar albashi: ya ce baƙon ma'aikaci na ɗaukar sama da dalar Amurka 8,600 a wata, ɗan ƙasa mai muƙami irin nasa yana ɗaukar 1,200. Bayan wata biyu aka nemi a kawo ƙarshen kwantiragin baƙin da suka haura shekara huɗu a ƙasar. Iska ta juya, yanzu baƙo ne ake gaya wa ya koma gida ko ya daidaita da 'yan ƙasa.

Ina goyon bayan aiki ɗaya, albashi ɗaya. Sai dai albashi shi ne ɓangaren takarda da ake gani a ƙarshen kowane wata, kuma shi ya fi saurin gyaruwa. Ɓangaren da ya kayar da iyalin Venel ba ya fitowa sai bayan shekara ashirin, lokacin da manajan da ya ɗauke ka ya yi ritaya, kamfanin ya sauya suna ko ya rufe. Kotunan Faransa sun riga sun faɗi nasu: ma'aikacin ma'adinan Abzin, fari ko baƙi, hakkinsa a Nijar yake. Yanzu da Somaïr ya dawo hannun gwamnati, babu sauran wata Paris da za a nuna da yatsa a kan wanda zai kamu daga yau. Mai ma'adini da mai doka da mai asusun inshorar ma'aikata na CNSS duk sun zama ɗaya, kuma wannan nauyi ne babba, domin wanda zai biya diyyar shi ne zai yanke ko ta wajaba.

Don haka kiran nan na farko ga hukumomin Yamai da na Agadas ne. A karɓo bayanan lafiya da na awon tururi na duk wanda ya taɓa aiki a Somaïr da Cominak, har da ma'aikatan 'yan kwangila, a ajiye su inda ba za su ɓace ba idan kamfani ya tafi. A ɗora binciken tsofaffin ma'aikata a hannun likitocin da ba kamfanin ma'adinai ke biyansu ba, a kuma bi mutanen har garuruwan da suka koma. Kai kuma mai karatu, idan mahaifinka ko mijinki ko wanka ya taɓa aiki a Arlit ko Akokan, ku nemo takardar shaidar aikinsa da lambarsa ta CNSS tun yana raye, ku rubuta shekarun da ya yi da sashen da ya zauna da sunan wanda ya ɗauke shi. Duk ranar da kuka kai shi asibiti da tari ko ciwon ƙirji, ku gaya wa likita cewa ya yi aikin yuraniyom, ku roƙe shi ya rubuta hakan a katinsa.